Karnukan Tangaran Na Da: Yadda Nake Duba Lafiyarsu Kafin In Yi Maganar Kuɗinsu

Karnukan tangaran na farko da na saya guda biyu ne, farare masu dabbare-dabbaren ja irin launin tsatsa, kowannensu da sarƙa da ɗan kwaɗo da aka zana masa a wuya da ruwan zinariya. A hoto na gan su a wani gwanjo na intanet, fuskokinsu suka burge ni, na biya ba tare da na nemi a nuna mini ƙasansu ko bayansu ba. Da suka iso na jera su a kan tebur, sai na lura ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da kusan rabin inci, kuma jan da ke jikin na hagu ya fi na dama duhu. Bayan wasu makonni, da na haska wuyan ƙaramin da tocila a cikin duhu, na gane cewa kansa ya taɓa cirewa gaba ɗaya, aka mayar da shi da gam, aka fesa fenti a kai. Wanda ya sayar mini bai yi ƙarya a abin da ya rubuta ba, domin cewa ya yi tsofaffi ne, kuma tsofaffin ne. Ni ne ban san tambayar da zan yi ba. Tun daga ranar, idan karen tangaran ya shigo hannuna, kifar da shi nake fara yi, fuskarsa ce abu na ƙarshe da nake kallo.

Yawancin karnukan da ake kira na da a kasuwar kayan tarihi daga gundumar Staffordshire ta Ingila suka fito, daga garuruwan maginan tangaran da suka haɗu suka zama birnin Stoke-on-Trent, wato Burslem da Hanley da Longton da Tunstall da Fenton da Stoke. An fi yin su a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma ana danganta farin jininsu da wani ɗan karenta mai dogayen kunnuwa mai suna Dash, wanda aka ce ta koma fada ta yi masa wanka a ranar da aka naɗa ta a 1838. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe a ransa shi ne, waɗannan karnuka ba don masu hannu da shuni aka yi su ba. Kayan ado ne na ma'aikata da masu matsakaicin ƙarfi, ana ajiye su biyu-biyu a kan kantar da ke saman murhun ɗumama ɗaki, ɗaya yana duban dama ɗaya yana duban hagu. An yi su da yawan gaske cikin sauri da araha, sau da yawa mata da yara ne suke yi musu fenti, kuma tun da bango bayansu yake fuskanta, ba a ɓata lokaci wajen ƙawata shi. Duk hukuncin da za a yanke a kan tsufansu da darajarsu daga wannan asali yake tasowa.

Dalilin da ya sa nake fara kifar da kare shi ne, ƙasansa ne yake faɗin yadda aka gina shi. A mafi yawan ƙarni na 19, magini yakan murza yumɓu ya yi faɗi kamar faifai, ya danna shi da hannu a cikin mazubi na filasta mai ɓari biyu, na gaba da na baya, sannan ya haɗa su ya liƙa gindi. Karen da aka yi ta haka yana da nauyi a hannu, bangonsa da kauri, kaurin kuma ba daidai yake ko'ina ba, kuma idan aka shafa gefensa za a ji layin da ɓarin biyu suka haɗu, wanda aka goge da yatsa ko da soso amma bai ɓace sarai ba. Tun da cikinsa fanko ne kuma a rufe yake, dole a huda masa ɗan ƙaramin rami domin iska ta fita a lokacin gashi, in ba haka ba zai fashe a tanderu. Wannan rami ƙarami ne, da ƙyar tsinken ashana ko bakin fensir zai shiga, kuma yakan kasance a baya ko a ƙasa. Ɗaya hanyar, wadda ta mamaye aikin daga baya, ita ce a dama yumɓu ya zama ruwa-ruwa, a zuba a mazubi, a jira filasta ta tsotse ruwan har bango ya kama, sannan a tsiyaye ragowar. Wannan yana barin rami mai faɗi a ƙasa, wani lokaci har babban yatsa zai shiga, kuma karen yakan fito da rashin nauyi, da bango siriri mai kauri ɗaya.

Sai dai ban yarda da masu cewa girman rami kaɗai ya isa hujja ba. An fara zubin ruwa tun kafin ƙarnin ya ƙare, don haka akwai karnuka masu babban rami da suka haura shekara 100 da gaske, kuma masu yin jabu sun daɗe da sanin cewa masu saye suna duba rami, saboda haka suna toshe babban su huda ƙarami. Ramin shaida ɗaya ce, sai ta haɗu da nauyi da layin haɗi da irin ƙyallin jiki, wato siririn lulluɓin gilashi da ake gasawa a saman tangaran, kafin in amince da ita.

Daga nan sai in duba inda karen yake taɓa ƙasa idan an ajiye shi. Abin da ya yi fiye da ƙarni ana ɗaga shi ana share ƙura ana mayarwa, dole gefen gindinsa ya sha gogayya, kuma gogayyar a wuraren da suka fi tudu kawai take, mai santsi da laushi, daɗe-daɗen datti ya shige ta a hankali. Wanda aka goga wa takardar yashi jiya, karcen nasa layi-layi ne masu bin hanya ɗaya, kuma yakan kai har wuraren da ba su taɓa taɓa kanta ba. Haka ma dattin da aka shafa da gangan, yakan zauna ko'ina daidai wa daida kamar an yi masa fenti, kuma ɗan tsumma mai laima yakan ɗauke shi nan take.

Batun hatimi yana rikita sababbin masu saye ƙwarai, domin hankali yana ba mutum cewa abin da yake da tambarin masana'anta ya fi wanda ba shi da shi inganci. A karnukan Staffordshire abin akasin haka ne. Mafi yawan na zamanin Biktoriya ba su da wani tambari sam, in ban da wata lamba da akan tarar an dannata a ƙasan wasu, wadda girman mazubi take nunawa. Dokar harajin kaya ta Amurka ta 1890 ce ta tilasta a riƙa rubuta ƙasar da kaya suka fito, shi ya sa kalmar "England" a ƙasan tangaran take nuni da 1891 ko bayanta, yayin da "Made in England" galibi aikin ƙarni na 20 ne. Idan kuwa na ga an buga wani tambari mai ado yana shelar cewa kayan tsoho ne na Staffordshire, to wannan shelar da kanta hannunka mai sanda ce, domin maginin 1860 ba shi da dalilin kiran aikinsa tsoho.

Akwai wani rukuni da yake tsakiya, wanda a ganina ba a yi masa adalci. Wasu masana'antu sun ci gaba da amfani da tsofaffin mazubai har cikin ƙarni na 20. Gidan William Kent na Burslem ya yi ta fitar da irin waɗannan karnuka har zuwa 1962, gidan Sampson Smith na Longton ma ya yi irin wannan aiki. Waɗannan ba jabu ba ne, a garin da aka saba yin su aka yi su, ta hanyar da aka gada, kuma suna da masu nemansu. Matsala tana zuwa ne kawai idan aka sayar da su da sunan na 1850 da kuɗin na 1850. Jabun gaske shi ne wanda aka ɗauki tsohon kare aka yi sabon mazubi daga jikinsa. Yumɓu yana ƙanƙancewa idan ya bushe aka gasa shi, da kimanin kashi ɗaya cikin goma, saboda haka kwafin yakan fi na asali ƙanƙanta, kuma zanen gashin jikinsa da yatsun ƙafarsa sukan dushe kamar sabulun da aka fara wanka da shi.

A kan ruwan zinariya nakan daɗe, domin yana cikin shaidun da suka fi wuyar kwaikwaya. Zinariyar da aka yi amfani da ita a tsakiyar ƙarnin tana da launi mai taushi, ba ta ɗaukar ido, sai an goge ta bayan gashi take ɗan yin sheƙi, kuma a yau yawanci ta koɗe a wuraren da hannu yake kamawa, har sarƙar wuyan kan zama sai alama. Daga wajen 1880 aka koma wa wata zinariya ta ruwa mai araha, wadda take fitowa daga tanderu tana walƙiya kamar madubi, launinta yana kusa da na tagulla. Karen da aka ce na 1850 ne amma sarƙarsa tana ƙyalli kamar yau aka zana, ko dai shekarunsa ba su kai ba, ko kuma an sake masa zinariyar, kuma duka biyun suna rage kuɗi. Idanun gilashi ma na ƙarshen ƙarnin ne da farkon na gaba, an yi su da yawa har a Bo'ness ta Sikotilan, alhali na farko da buroshi aka zana musu idanu, rawaya da ɗigon baƙi a tsakiya.

Shi kuma ƙyallin da ya lulluɓe jikin, na tsofaffi yakan taru a lunguna, ƙarƙashin kunne ko tsakanin ƙafafu, ya ba da ɗan shuɗi-shuɗi mai haske. Sau da yawa akan ga ƙananan ɗigon baƙi ko ƙuraje a cikinsa, saboda da gawayin kwal ake hura tanderun wancan lokaci kuma toka takan faɗa. Waɗannan ba aibi ba ne a wurina, sun fi kama da takardar haihuwa. Abin da mutane suka fi ruɗuwa da shi shi ne 'yan siraran tsage-tsagen nan masu kama da saƙar gizo-gizo da suke bayyana a ƙyallin. Suna faruwa ne saboda yumɓun ciki da ƙyallin waje ba sa miƙewa da tsukewa daidai da juna idan zafi da laima suka sauya. Mutane da yawa sun ɗauka su ne hujjar tsufa, masu jabu kuwa sun san haka, don haka suna haddasa su da gangan tun a tanderu, su jiƙa karen da ruwan shayi ko gahawa domin layukan su yi duhu. Na gaske ba su da tsari, a wani wuri su yi yawa a wani wuri babu, wasu masu haske wasu masu duhu, kuma akwai tsofaffin karnuka da yawa da ba su da su ko kaɗan. Idan na ga saƙar ta rufe kare daga kunne har wutsiya da layi masu girma ɗaya da launin ƙasa-ƙasa ɗaya, nakan ajiye shi.

Bayan an tabbatar da shekaru ne ake shiga maganar lafiyar jiki, kuma a nan ne na yi asarar da na ambata a farko. Dole a bambanta tsagar da ta faru a tanderu da wadda ta faru daga baya. Ta tanderu bakinta a buɗe yake, gefenta ba kaifi, kuma ƙyalli ya malala cikinta, wanda yake nuna da ita aka haifi karen, masu saye kuma ba su cika damuwa da ita ba idan a baya take ko a ƙasa. Tsagar faɗuwa siririya ce kamar gashi, mai kaifi, ta ratsa ƙyalli da yumɓu tare, kuma tana iya ci gaba da tafiya. Idan aka ɗora kare a tafin hannu aka ƙwanƙwasa shi a hankali da farce, lafiyayye yakan ba da sauti mai tsabta, mai tsaga kuwa sautinsa a dakushe yake, ko da yake irin wannan yumɓu ba ya ƙara kamar tangaran mai tauri, sai kunne ya saba.

Ɓantarewa a kunne ko hanci ko yatsan ƙafa abu ne da ido yake gani, kowa zai iya yi masa kuɗi. Gyaran da aka ɓoye shi ne abin tsoro. Wuya ne wurin da ya fi karyewa, sai ƙafafun gaba idan a rabe suke da jiki, sai wutsiya. Mai gyara yakan cike gurbi da wani irin gam mai tauri, ya fesa fenti da man sheƙi, kuma domin kada a ga iyakar aikinsa yakan faɗaɗa feshin ya rufe wurare masu lafiya. Hanyoyin da nake bi kaɗan ne kuma ba su da tsada. Ƙyallin gaske gilashi ne, yana da sanyi da tauri, wurin da aka gyara kuwa yana da ɗumi da ɗan laushi kamar roba, har tsofaffin dillalai sukan taɓa shi da haƙori domin su ji bambancin. Idan saƙar gizo-gizon nan ta zo wani wuri ta yanke kwatsam sannan ta ci gaba a gaba, to fenti ne ya rufe tsakiyar. Tsohon gyara yakan koma rawaya da shekaru. Sannan akwai tocila mai shuɗin hasken nan irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita, wadda a cikin duhu takan sa wurin gyara ya fito da launi dabam. Ita ce ta tona asirin karena, amma wasu kayan gyara na zamani ba sa amsa mata, don haka shirunta ba wanke kare ba ne daga zargi.

Ni dai na fi son kare mai ɓantararren kunne da aka bar shi yadda yake a kan wanda aka yi wa kwalliya har ba a san inda tangaran ya ƙare fenti ya fara ba. Har ma akwai tsohon salon gyara da nake ganin kyansa, wanda ake huda ƙananan ramuka a ɗinke ɓarin biyu da ƙusoshin ƙarfe kamar ɗinkin ƙwarya. Ba ya ɓoye komai, kuma yana nuna cewa wani ya ƙaunaci abin har ya biya a ɗinke masa shi tun kafin a sami gam mai ƙarfi.

Kan darajar kuɗi, abu na farko shi ne ko karnukan biyu abokan juna ne tun asali. Tun da hannu ne ya yi musu fenti, ba za su zama iri ɗaya sak ba, kuma idan dabbare-dabbarensu suka yi daidai ɗigo da ɗigo, wannan ma abin zargi ne. Amma dole tsawonsu ya zo ɗaya, farin jikinsu ya zo ɗaya, zinariyarsu ta koɗe daidai da juna, kuma a ga hannun mai fenti ɗaya a gira da gashin baki da yadda aka ja buroshi. Nawa biyun haɗin gambiza ne, wani ya sami na hagu a wani wuri da na dama a wani wuri ya aurar da su. Kare guda shi kaɗai ba ya kai rabin kuɗin cikakkun biyu, shi ya sa ake yin wannan aure.

Sai ƙarancin samfurin. Fararen karnuka masu dogayen kunnuwa da ɗan adon zinariya sun fi kowanne yawa, kuma ko da sun cika shekara 130, yawansu ya hana su tsada, ta yadda a gwanjon Ingila akan sayar da irinsu a kan 'yan gomomin fam. Masu ja da fari na tsakiyar ƙarni sun fi su, musamman idan ƙafafun gabansu a rabe suke, domin wannan yana bukatar ƙarin mazubi da ƙarin aiki. Masu riƙe da kwandon furanni a baki, da masu ɗauke da yara a baya, da dogayen karnukan farauta masu zomo, da masu ɗigo-ɗigon baƙi, da masu gashin da aka yi da marmashin yumɓu, duk suna da masu nemansu na musamman, kuma samfurin da ba a cika gani ba yana iya kai dubban fam idan lafiyarsa ƙalau. Girma ma yana tasiri, manya ƙwarai da ƙanana ƙwarai sun fi matsakaita wuyar samu.

A gefe guda akwai karnukan da ba na wannan aji ba sam, irin na masana'antar Meissen ta Jamus, wadda aka kafa a 1710, inda Johann Joachim Kändler ya ƙera 'yan karnuka masu murtukakkiyar fuska a shekarun 1740. Waɗannan tangaran ne mai tauri wanda haske yake ratsa shi a wuraren da ba kauri, an yi su ne don fadodi, kuma suna ɗauke da tambarin takubba biyu gicciye da shuɗi a ƙarƙashin ƙyalli. Tambarin yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya, gidan Samson na Faris ya yi kwafin kayan Meissen da yawa a ƙarni na 19, kuma Meissen da kanta ta ci gaba da fitar da tsofaffin samfuranta. Wanda ya sami irin wannan a hannunsa, ƙwararre ya kamata ya kai wa ya riƙe ya duba, domin bambancin kuɗi tsakanin na 1745 da na 1890 ya wuce a yanke shi daga hoto.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne a buɗe intanet a ga wani ya sa wa irin karen kuɗi mai yawa, sai a ɗauka darajarsa ke nan. Kuɗin da aka nema dabam, kuɗin da aka biya dabam. Sakamakon gwanjon da aka kammala a 'yan shekarun nan shi ne ma'auni, kuma ko shi sai an tuna cewa mai saye yana biyan la'ada a kan kuɗin da aka buga guduma, sau da yawa sama da kashi 20 cikin 100, mai sayarwa ma ana cire masa tasa. Farashin shagon dillali ya fi na gwanjo, ƙimar da ake rubutawa don inshora kuma ta fi duka. Tsofaffin littattafan farashi na shekarun 1980 da 1990 suna iya yaudara, domin a lokacin kasuwar tana tashe, daga baya kuma kuɗin samfuran gama-gari ya faɗi sosai, ko da yake na musamman sun fi riƙe darajarsu.

Wani abu da yake lalata daraja cikin minti kaɗan shi ne wanki. Yumɓun waɗannan karnuka yana shan ruwa, don haka jiƙa su yana tura datti cikin tsage-tsage kuma yana sassauta tsohon gam. Ruwan bilic ya fi muni, domin yana barin gishiri a ƙarƙashin ƙyalli wanda daga baya yake ɓamɓare shi. Jan fenti da zinariya, sau da yawa har da baƙi, a saman ƙyalli aka gasa su da wuta mai sauƙi, gogawa da ƙarfi tana ɗebe su. Buroshi mai laushi da auduga mai ɗan laima sun isa, kuma a ɗauki kare ta jikinsa da hannu biyu, kada a ɗaga shi ta kai.

Karnukana biyu suna nan a kan kanta, na hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Na rubuta wata 'yar takarda na manna a ƙasan ƙaramin da gam mai saurin cirewa, mai cewa an taɓa mayar masa da kai kuma ba abokin ɗayan ba ne tun asali, domin wanda zai riƙe su bayana kada ya sake biyan kuɗin da na biya. Yanzu kafin in sa kuɗi a kowane gwanjo, hotuna huɗu nake nema, na ƙasa da na baya da na wuya daga kusa da na biyun a jere kusa da abin awo, sannan in tambaya a rubuce ko an taɓa yi musu gyara. A makon da ya wuce na aika wa wani mai sayarwa wannan tambaya a kan wasu baƙaƙe biyu masu idanun gilashi. Ya turo hotuna uku, bai turo na wuya ba, kuma har yau bai amsa maganar gyaran ba.